Yadda ake girka 4CAT da Zeeschuimer don tattara abin da ake wallafawa a shafukan sada zumunta

Tun ranar da na nuna wa wasu ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa jadawalin bidiyoyin kokowa da na tattaro daga TikTok, salulata ba ta huta ba. Mai rubuta kundin kammala karatu na tambaya, ɗan jaridar gidan rediyo na tambaya, har wani dillalin albasa ya aiko ɗansa ya ji ko abin zai nuna masa me ake faɗa kan farashi. Tambayar ɗaya ce: "Malam, yaya ake sa abin nan?" Na gaji da maimaitawa a fada shayi na hucewa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Manhajoji biyu ne. Zeeschuimer ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauzar Firefox, shi ke kwaso abin da ka gani a shafi. 4CAT kuma ita ce rumbun da ake zubawa, a can ake ƙidaya, a tace, a zana jadawali. Masu bincike na jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan ne suka ƙera su, kuma suka bar su a buɗe a GitHub, shafin da masu ƙera manhaja ke ajiye aikinsu, kowa ya ɗauka kyauta. Sai dai 4CAT ba ta shiga Windows kai tsaye kamar Word. Tana zama ne cikin wata manhaja mai suna Docker, shi kuma Docker yana zaune bisa WSL, wani ɓangare na Windows da ke ba shi damar tafiyar da manhajojin Linux. A haka za mu bi su, daga ƙasa zuwa sama, kuma wanda ya tsallake ɗaya zai dawo ya same shi.

Kaya da kuɗin da za su fita

Manhajojin ba a biyan ko dala. Docker Desktop kyauta ne ga ɗalibi, da mai aikin kansa, da ƙaramar ma'aikata. Kuɗinka zai tafi ne wuri uku.

Na farko intanet. Docker Desktop kaɗai ya kai rabin giga, 4CAT da kayanta giga da dama ne, ga kuma abin da za a sake saukewa in rezo ya yanke. Ni ina cewa a tanadi giga 10. In kana da inda za ka samu wifi mai ƙarfi na yini guda, je can. In da salula za ka raba wa kwamfuta, sayi forfe na dare, ya fi sauƙi kuma layin ya fi sakewa.

Na biyu RAM. Kwamfuta mai giga 4 za ta iya tashi, amma za ta riƙa jan ƙafa har ka tsani aikin. Giga 8 ne mafi ƙanƙantar abin da nake yarda da shi. Ƙara sanda ɗaya ta RAM wurin masu gyara ya fi sayen sabuwar kwamfuta arha nesa ba kusa ba. Tafi da kwamfutar, kada ka sayo da ka, domin DDR3 ba ta shiga ramin DDR4.

Na uku wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai rai ta wadatar. In ta tebur ce, sai da onduler, don ɗaukewar kuran a tsakiyar aiki tana iya ɓata rumbun bayanan. Ka kuma bar aƙalla giga 30 na fili a faifan kwamfutar, da kile USB ɗaya babba.

1. Duba ko kwamfutarka za ta ɗauka

Windows 10 ko 11 ake so, mai 64 bits. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka da shi zan kira sunayen. Danna Ctrl, Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe. Shiga Performance, latsa Processeur, ka duba ƙasa ta dama inda aka rubuta Virtualisation. In ka ga Activé, wuce mataki na 2.

In Désactivé ne, sai an shiga BIOS. Kashe kwamfutar, kunna, ka riƙa danna maɓallin shiga tun kafin tambarin Windows ya fito: F10 a yawancin HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Nemi layin da ke cewa Virtualization Technology ko VT-x, ko SVM in injin AMD ne, mayar da shi Enabled, ka ajiye ka fita.

Gargaɗi: wannan layi kaɗai za ka taɓa. Kwamfutocin da ake kawowa na hannu wasu suna da kalmar sirri a BIOS da mai ita na farko ya sa. In ka ci karo da haka, koma wurin wanda ya sayar maka, kada ka yi ta gwaji.

2. Kunna WSL

Latsa Démarrer, rubuta PowerShell, danna masa maɓallin dama na linzami, zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur. A tagar da ta buɗe rubuta:

`wsl --install`

Tsakanin wsl da layukan nan biyu akwai tazara ɗaya, tsakanin layukan da install babu. Bari ya gama, sannan ka sake kunna kwamfutar. Sake kunnawar ba ado ba ce, in ba ka yi ba Docker zai ƙi tashi. In wata taga ta Ubuntu ta fito tana neman suna da kalmar sirri, ba ta. Ba za ka ga haruffan kalmar sirrin suna fitowa ba, haka yake. In kuma an taɓa sa WSL a kwamfutar, `wsl --update` za ka rubuta.

3. Girka Docker Desktop

Daga docker.com za ka sauke shi, ba daga wani shafin da ke tara manhajoji ba. Zaɓi na Windows mai AMD64. Sunan na ruɗar mutane, amma shi ne na injin Intel da na AMD duka. Wajen girkawa bar alamar da ke kan zaɓin WSL 2. Da ya gama ka buɗe shi, ka amince da sharuɗɗa. Zai nemi ka buɗe asusu, ba dole ba ne, tsallake. Jira har ƙasan tagar ta hagu ya nuna Engine running.

Kafin ka fita, yi wani gyara da zai cece ka a rezo irin namu. Docker yakan sauke gutsure uku a lokaci guda, kuma a layi mai rauni ukun sukan shaƙe juna. Shiga Settings, sannan Docker Engine. Za ka ga wani ɗan rubutu cikin baka masu lanƙwasa. Bayan bakan farko ƙara wannan layi, har da waƙafin ƙarshe:

`"max-concurrent-downloads": 1,`

Latsa Apply. In ya ƙi, to waƙafi ko alamar zance ce ta ɓace.

Mai RAM giga 8 ya ƙara wannan: buɗe Bloc-notes, rubuta `[wsl2]` a layin farko, `memory=4GB` a na biyu, ka ajiye shi da sunan `.wslconfig` a foldar da ke ɗauke da sunanka cikin C:\Users. In ba haka ba WSL zai riƙa lashe RAM ya bar Firefox da yunwa. Gyaran zai fara aiki bayan an sake kunna kwamfutar.

4. Sauke fayiloli biyu

A nan mutane suka fi faɗuwa, kuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Buɗe sabuwar folda a C: ka sa mata suna 4cat. Kada ka sa ta a Bureau ko Téléchargements, inda yara ko kai kanka za ku share ta wata rana. Je github.com/digitalmethodsinitiative/4cat. Cikin jerin fayilolin nemi `docker-compose.yml` da `.env`. Latsa kowanne ya buɗe, sannan ka danna ɗan maɓallin saukewa da ke sama ta dama, Download raw file. Akwai wasu fayilolin masu kama da sunan na farko, da ƙarin kalma a jiki. Ba su ba ne.

Gargaɗi na farko: kada ka danna dama ka ce Enregistrer sous daga jerin. Shafin intanet ɗin za ka ajiye, ba fayil ɗin ba, sunan ya yi daidai amma cikin shirme ne.

Gargaɗi na biyu, wanda ya ci mini yini guda: sunan `.env` da ɗigo yake farawa, burauza kuma takan cire ɗigon ko ta ƙara masa wutsiya, ya koma env ko env.txt. Windows na ɓoye wutsiyar, sai ka duba ka ga kamar lafiya lau. Ranar da na fara, tun bayan azahar nake fama har aka kira isha'i, na sake girka Docker sau biyu, ina zargin kwamfutar, ashe ɗigo ɗaya ne. Buɗe Explorateur, shiga Affichage, sa alama a Extensions de noms de fichiers. Yanzu za ka ga cikakken suna. Gyara shi ya zama `.env` cif, ba komai gaba ba komai baya.

Mayar da fayilolin biyu cikin foldar 4cat. Buɗe `.env` da Bloc-notes ka duba layi biyu. A SERVER_BIND_ADDRESS ka tabbata 127.0.0.1 ne, wato kwamfutarka kaɗai ke iya shiga, wanda kuke wifi ɗaya da shi ba zai leƙo ba. A PUBLIC_PORT za ka ga 80. In ka taɓa sa WAMP ko XAMPP, kamar yawancin ɗaliban sashen kwamfuta, sun riga sun tare wannan ƙofa, mayar da shi 8080. Sauran layukan ka bar su yadda ka same su.

5. Tayar da 4CAT

Kafin komai, hana kwamfutar barci: Paramètres, Système, Alimentation, ka mayar da Mise en veille zuwa Jamais. Jona caja. In lokacin zafi ne, Afrilu ko Mayu, ɗaga ta daga kan katifa ko tabarma ka ɗora bisa tebur, ka sa wani abu ƙarƙashinta ta baya iska ta ratsa. Kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka tana kashe kanta a tsakiyar irin wannan aiki.

Tabbatar Docker Desktop na kunne. Buɗe foldar 4cat, latsa sandar adireshi ta sama, goge abin da ke ciki, rubuta cmd, danna Entrée. Baƙar taga za ta buɗe a daidai foldar. Rubuta:

`docker compose up -d`

Layuka za su fara gudu da lambobi suna hawa. Wannan ne babban saukewar. A wifi mai kyau bai kai awa ba, a salula yana iya cin dare. In ka ga Retrying, kyale shi, yana sake gwadawa da kansa. In ya yanke gaba ɗaya, sake rubuta umarnin. Wani lokaci yana ɗorawa daga inda ya tsaya, wani lokaci yana komawa baya, shi ya sa na ce a tanadi giga da rara.

Saƙonnin kuskure huɗu ne ke yawan fitowa, kuma kowanne da maganinsa. In ya ce no configuration file provided, ba a cikin foldar kake ba, ko sunan fayil na farko ya canza. In ya jero variable is not set, matsalar ɗigon `.env` ce, koma mataki na 4. In ya ce error during connect ko ya ambaci daemon, Docker Desktop bai tashi ba. In ya yi maganar port, ƙofar 80 ce aka tare, canza lambar ka sake umarnin.

Da ya gama, rubuta `docker ps`. Za ka ga kwantenoni, wato sassan 4CAT da Docker ke tafiyarwa, cikinsu 4cat_db, 4cat_backend da 4cat_frontend, kowanne da Up a gabansa. Tashin farko na ɗaukar mintoci don tana shirya rumbunta. Mai son ganin abin da take ciki ya rubuta `docker logs -f 4cat_backend`, in ya ƙoshi ya danna Ctrl da C.

Ga dabarar da ta fi komai amfani a wurinmu. In ku biyar ne ke son manhajar, ba dalilin da zai sa ku biyar ku ƙona giga. Mutum ɗaya ya sauke, sannan ya rubuta `docker images` ya ga sunayen abin da ya sauko. Sai ya dunƙule su cikin fayil guda: `docker save -o 4cat.tar` sannan sunayen a jere, kowanne da abin da ke rubuce a TAG bayan ɗigo biyu, misali digitalmethodsinitiative/4cat:stable. Ya kwafe 4cat.tar a kile, tare da fayilolin nan biyu da fayil ɗin girka Docker Desktop. Kowa ya yi mataki na 1 zuwa na 3 a tasa kwamfutar, ya zuba fayilolin a foldarsa, ya rubuta `docker load -i 4cat.tar`, sannan `docker compose up -d`. Babban kayan ba zai sake saukowa ba. Gargaɗi: kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, ko da fili ya yi yawa. Kwashe abin da ke ciki ka mayar da shi exFAT tukuna.

6. Buɗe asusun shugaba

Girka Firefox in ba ka da ita, don da ita za a yi sauran aikin. A sandar adireshi rubuta `http://localhost`, ko `http://localhost:8080` in ka canza ƙofa. In shafi bai buɗe ba, ba ta minti biyar. Za ta nemi suna da kalmar sirri na mai kula da ita. Rubuta su a takarda ka adana, domin ba wani ofishi da za ka je a maido maka da su.

Komai na ciki da Ingilishi yake. Firefox na da fassara a jikinta da ke iya mayar da shafin Faransanci, amma ni na fi son a saba da sunayen asali, don su za ka gani duk inda ka nemi taimako.

7. Liƙa Zeeschuimer

Je github.com/digitalmethodsinitiative/zeeschuimer, shiga Releases, latsa fayil na baya-bayan nan mai ƙarewa da .xpi. Firefox za ta nemi izini, ba ta. A Chrome ba ya aiki, kada ka wahalar da kanka. Latsa alamarsa a saman burauza, shafinsa zai buɗe da jerin dandali, kowanne da makunninsa: TikTok, Instagram, X, LinkedIn, Threads da wasu. Abin da ba ya cikin jerin ba zai kamu ba, kuma WhatsApp, inda rabin zancen garin nan yake, ba ya ciki. A gurbin adireshin 4CAT rubuta daidai abin da ka rubuta a mataki na 6. Dole ka kasance ka shiga asusunka na 4CAT a wannan Firefox ɗin, in ba haka ba turawa za ta ƙi.

8. Tattarawa

Girkawa sau ɗaya ake yi, amma wannan matakin shi ke raba aikin kirki da na banza.

Zeeschuimer ba ya shiga TikTok ya kwaso duk abin da ke ciki. Abin da ya sauko a burauzarka kaɗai yake kamawa, kana jan shafi ƙasa yana tsinta. Ka tsaya, ya tsaya. Kuma abin da ke saukowa, dandalin ne ya zaɓa maka shi gwargwadon abin da ya san kana so.

Don haka jerin aikin shi ne: buɗe dandalin tukuna makunni na kashe, nemi kalmar ko maudu'in da kake so, sannan ka kunna makunnin, ka sabunta shafin da F5, ka fara ja a hankali. Leƙa shafin Zeeschuimer ka ga lamba na hawa. Ka gama, kashe makunnin kafin ka taɓa wani abu.

Wata ɗaliba ta kawo mini nata tana murna, ta ce: "Malam, ga na kokowar, sun yi yawa." Muka buɗe, fiye da rabi girke-girke ne da ɗinkin atamfa. Na ce: "Ɗiyata, ina kika fara shiga?" Ta ce shafin farko, ta ɗan duba kafin ta fara aiki. Makunnin na kunne, ya kwashe duk abin da take kallo. Da Instagram ne, da har hotunan ƙawayenta masu rufaffen asusu sun shiga. Tun daga ranar nake cewa a buɗe asusu dabam na bincike, wanda ba ya bin kowa, a kuma latsa Delete a share tsohon kamu kafin a fara sabo.

Sai rubutun kalma. Mu nan abu ɗaya muna rubuta shi hanya biyar. Wani ya sa kokowa, wani kokawa, wani lutte traditionnelle, wani sabre national, wani takobi. Garin nan kansa Tahoua ne, Tawa ne, Tahwa ne. Yamai da Niamey. Ɗan kokowar nan Issaka Issaka na Dosso wasu da s ɗaya suke rubuta shi. Mai salula ba ya neman ƙ da ɗ, k da d yake bugawa. In ka nemi rubutu ɗaya, mutanen da ke rubutu haka kaɗai ka samu, sau da yawa ƴan boko. Jera duk hanyoyin a takarda kafin ka fara, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Riƙe littafi kusa da kai. Kowane zama rubuta rana, awa, dandali, kalmar da ka nema, asusun da ka yi amfani da shi, da adadin da ya kamu. Malamin da zai duba kundinka zai tambaya, kuma gobe in ka sake neman kalmar ba lalle ka samu abin da ka samu yau ba. In za ka rubuta sakamako, ka ce "cikin bidiyoyi kaza da na tattara ranar kaza". Kada ka ce "ƴan Nijar na cewa". Manomin Galmi da ba ya TikTok bai ce komai ba.

Gargaɗi: kada ka sa wata manhaja mai jan shafi da gudu, dandalin na iya ɗaukar ka inji ya rufe asusun. Bidiyo kuma na cin mega fiye da yadda kake zato, ka riƙa duba abin da ya rage.

9. Tura wa 4CAT, ka ɓoye sunaye

A gaban kowane dandali akwai maɓallin .ndjson da na to 4CAT. Fara latsa .ndjson ka ajiye ɗanyen kamun a kile. Sannan to 4CAT. Da ya gama zai ba ka mahaɗi zuwa sabon damin bayananka. Canza masa suna nan take, misali kokowa tiktok da kwanan wata, don dami goma masu suna iri ɗaya ba wanda ke gane su bayan sati biyu.

A jikin damin akwai zaɓin pseudonymise, mai musanya sunan kowane mai asusu da wasu haruffa marasa ma'ana, da anonymise mai share shi gaba ɗaya. Na farko ya fi amfani, don za ka iya gane cewa mutum ɗaya ne ya yi wallafa ashirin ba tare da sanin ko wane ne ba. In aikinka kan manyan ƴan kokowa ne ko hukumomi, bar sunaye. In kan talakawa masu tofa albarkacin bakinsu ne, ɓoye. Ka sani sunan da aka ambata cikin rubutun da fuskar da ke cikin bidiyo suna nan, wannan kai za ka kula da shi.

Ba tsoratarwa nake ba, amma ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutane da hukumarta HAPDP, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019 da aka tsaurara a 2024. Teburin da ya jera wane ya ce kaza kan hukuma ko kan wani malami, in ya fita daga hannunka, yana iya jefa mutum cikin abin da bai shirya ba. Kada ka tura shi a guruf, kada ka bar shi a kwamfutar sibar.

Mai son tashoshin Telegram ba ya buƙatar Zeeschuimer. A shiga my.telegram.org a karɓi lambobin izini biyu, API ID da API hash, a zuba su a Create dataset na 4CAT tare da lambar salula, za a aiko da lambar tabbatarwa ta Telegram ɗin.

10. Nazarin farko

Ƙarƙashin kowane dami akwai dogon jerin injinan nazari. Kada su ruɗe ka, uku sun ishe ka mako na farko. Kafin su ma, latsa Preview ka karanta layi hamsin da idonka, a nan za ka gane ko shara ta shiga.

Na farko mai ƙidaya wallafa bisa rana, mako ko wata. Daga sakamakonsa ake zana jadawalin da ke nuna ranar da zance ya tashi. Lura da agogo: sau da yawa lokacin da ke cikin teburin na GMT ne, mu kuma muna gaba da awa 1. Ɗauki wallafa ɗaya da ka san lokacinta ka gwada, don abin da aka sa da sha biyu da rabi na dare zai iya faɗawa jiya.

Na biyu Count values, ka zaɓi ginshiƙin hashtags, ya jera maka maudu'an da suka fi yawa. Daga nan nakan gano rubutun da ban yi tunaninsa ba, in koma mataki na 8 in nemo shi.

Na uku Tokenise, mai yanka rubutu kalma kalma don a ƙidaya. Nan Hausa ke buƙatar hannunka. Kashe stemming da lemmatise, masu mayar da kalma zuwa tushenta, ba don harshenmu aka yi su ba, gutsure kalmomi kawai za su yi. Akwai gurbin kalmomin da kake so a zubar, zuba da, na, ta, ya, ba, ne, ce, a, wa, ma, kuma, sai, don, har da le, la, de, et na Faransanci, tunda gauraye muke rubutu. In ba ka yi ba, jadawalinka zai ce kalmar da ta fi tashe a fagen kokowa ita ce "da". Kuma inji zai ƙidaya ƙarfi da karfi a matsayin kalma biyu, kai za ka haɗa su.

Zanen gizo-gizo na maudu'ai da ake buɗewa a wata manhaja mai suna Gephi yana burge mutane a allo, amma ka bar shi sai ka iya faɗin abin da kowane zare ke nufi.

11. Buɗe teburin ba tare da ya wargaje ba

Sakamako na sauka a fayil ɗin CSV, wato tebur da aka raba ginshiƙansa da waƙafi. In ka danna shi sau biyu Excel na Faransanci ya buɗe, abu biyu za su faru: komai zai cushe a ginshiƙi ɗaya, don shi waƙafi mai ɗigo yake jira, fayil ɗin kuma waƙafi zalla ne, sannan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ za su iya komawa wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Bayananka ba su lalace ba, sai in ka latsa Enregistrer a haka. Rufe ba tare da ajiyewa ba. Buɗe Excel fanko, shiga Données, zaɓi À partir d'un fichier texte/CSV, sa UTF-8 a Origine du fichier, Virgule a Délimiteur. LibreOffice Calc ya fi sauƙi, kyauta ne kuma shi da kansa yake tambayar waɗannan biyun. Dogayen lambobin shaidar wallafa ka sa ginshiƙinsu ya zama Texte, in ba haka ba Excel zai mayar da ƙarshensu sifiri, ba za ka sake gano bidiyon da su ba.

12. Kashewa da sake kunnawa

Ka gama aikin yini, buɗe baƙar taga a foldar 4cat ka rubuta `docker compose stop`, sannan ka rufe Docker Desktop. Gobe ka kunna Docker Desktop, ka jira Engine running, ka rubuta `docker compose start`. Nazarin abin da ka riga ka tara ba ya cin intanet, sai in ka sa ta sauko da hotuna ko bidiyo. A Settings na Docker cire alamar da ke sa shi tashi tare da Windows, don kada ya riƙa shan batir ranar da wasiƙa kawai za ka buga. Mayar da Mise en veille yadda take.

Gargaɗi: za ka ga masu ba da shawara a intanet suna cewa in abu ya cije a rubuta `docker compose down -v`. Wannan ƙaramin v ɗin yana share rumbun gaba ɗaya, da asusunka da duk damin da ka tara, kuma ba ya tambayar ko ka tabbata. Haka ma Clean / Purge data da Reset to factory defaults na cikin Docker Desktop. In mai gyara zai sake wa kwamfutar Windows, nan ma komai ya tafi, kwafe foldar 4cat ba ya ceton bayanan, don ba a cikinta suke zaune ba. Duk ranar Juma'a ka sauke CSV na kowane dami, ka haɗa da fayilolin .ndjson, ka zuba a kile, kilen kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar.